Fim ɗin da Ya Tsorata Inna

Tun ina ƙarama Allah ya jarabce ni da son abin da zai firgita ni. A gidanmu na Birnin Kudu yayyena maza ne suka koya mini. Babanmu hatsi yake saye yana kaiwa Kano, to wata shekara da kasuwa ta yi masa kyau sai ya dawo da talabijin da bidiyo, ya ce don a riƙa kallon wa'azi. Wa'azin kam an kalla, amma da ya sa ƙafa ya fita sai yayyena su zaro kaset ɗin da suka aro, mu cunkushe a ɗaki, a saki labule, a yi ta kallon fatalwa da masu bin mutane da wuƙa. Ni ce ƙarama, ni ce kuma ba na rufe ido. Yanzu duk na manta fuskokin dodannin, abin da ya zauna mini shi ne yadda muke ƙanƙame juna. Yayata mace da muka yi faɗa da safe muna gaba, da an zo inda ƙofa take buɗe kanta sai in ji ta cusa kai a bayana, gabar ta ƙare ke nan.

Kafin in yi aure na kalli irin waɗannan finafinai har na zama alƙaliyarsu. Ina ganin farkon fim zan nuna maka wanda zai fara mutuwa, galibi mai yawan surutun nan ne. Na san in kiɗa ya fara hawa, mage ce za ta diro daga kan kabad. Sabo ya sa ba kasafai tsikar jikina take tashi ba, amma ban daina nema ba, kamar mai son yaji da kullum yake ƙara barkono a miya.

Aure ya kai ni Gwaram. Maigidana direba ne, yana da ƙaramar bas da yake jigila daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, wani lokaci ya zarce Kano. A motarsa muka haɗu, ni na zaɓi abina, kuma har yau ban yi da na sani ba. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, ƙannensa mata biyu suna aure, ɗaya a Fagam ɗaya a Dingaya, autansu namiji yana karatu a Kano. Saboda haka da ya fita da asuba, mu biyu ne a gidan: ni da mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Inna.

Maigidana ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta taɓa kama sunansa ba. In ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In maganarsa ta kama dole, sai ta ce "wancan". To kunyar nan ba ta tsaya a kansa ba, har ni ta shafa. Da safe in gaishe ta, ta ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, shi ke nan an rufe shago sai gobe. Ba ƙiyayya ba ce, wannan na sani, don sau da yawa nakan fito in tarar da kwanon fura a bakin ƙofata an rufe da faifai. Amma ni daga gidan hayaniya na fito, inda ko tuwo ake tuƙawa sai an yi musu a kansa. Shirun gidan nan ya riƙa cina. Abin da nake so ɗaya ne, kuma ina sonsa har cikin raina: matar nan ta dube ni ta yi mini magana, irin ta uwa da 'ya, ko da faɗa ne.

Na gwada dabaru. Na yi mata dambun zogale irin na gidanmu, ta cinye ta aiko da kwano a wanke. Na ce in yi mata kitso, ta ce bai tsufa ba, alhali ina ganin kan ya yi buzu-buzu. Da na gaji sai na koma wa tsohuwar sana'ata. Maigidana yakan karɓi wayata ya kai wa masu tura finafinai a tashar Birnin Kudu, su cika mini ita. Bayan azahar, in na gama aikin gida, sai in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, in jingina wayar da turmi, in jawo kwaryar gyaɗa ina ɓara ina kallo. Inna kuma tana can bakin ƙofarta, bayana kaɗan, tana tsintar wake, jar akuyarta tana ɗaure a turke kusa da ita. Ban taɓa kawowa idonta yana kai wa wayar ba.

Wata rana ina kallon wani na Turawa, inda miji da mata da 'ya'yansu suka tare a wani ƙaton gida a tsakiyar daji, bayan an gaya musu duk wanda ya zauna a ciki ba ya ƙarewa lafiya. Sai na ji murya a bayana.

"Ke akuya, ji mini mutanen nan. An ce musu gida ba lafiya, sun kwashi yara sun shiga, ko sauka ba su sa an yi ba."

Hannuna ya tsaya a cikin gyaɗa. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya na ɓata. Can da matar fim ɗin ta fara kururuwa, Inna ta sake cewa, "Akuya, su ba su da maƙwabta ne? Mace ta yi wannan ihu, ba wanda zai leƙo ta katanga?"

Na ce bari in gwada sa'ata. Idona a kan waya na ce, "Akuya, ki gaya wa mai tambaya, can ƙasar haka suke zama, kowa gidansa nesa da na wani."

Nan take na fara zargin kaina da rashin kunya. Sai na ji ta jefa wake a kwarya ta ce, "To ai shi ya sa aljanu suka raina su."

Daga ranar akuya ta zama 'yar aikenmu. Ita dai tana tuƙa abinta, ba ta san an ba ta muƙami ba. Kullum bayan azahar sai in ɗan karkata wayar yadda za a hango daga bakin ƙofa, in ƙara murya, Inna kuma ta jawo kujerarta 'yar tsugunno gaba kaɗan, wai rana ce ta kore ta. Na ji daɗi ƙwarai, amma ɗan Adam ba ya ƙoshi. Magana ta bakin akuya ba ta ishe ni ba. Sai na tuna yayata da take cusa kai a bayana, na ce ai maganin a hannuna yake. In na samo fim ɗin da zai kaɗa hantar Inna, da ƙafarta za ta zo kan tabarmata.

Ashe na ɗebo ruwan dafa kaina. Na fara da wani na Indiya mai fassarar Hausa, inda wata fatalwa take fitowa daga rijiya, gashi ya rufe mata fuska har gwiwa. Yara a unguwarmu sun yi ta ba da labarinsa. Inna ta dube ta da kyau ta ce, "Akuya, wannan baiwar Allah kitso take nema, a samu mai tausayi ta yi mata." Da aka zo tsakiya kuma saurayin da fatalwar take bi ya tsaya yana rawa da budurwarsa a kan dutse, sai ta ce wanda ake bi da gaske ko takalminsa ba ya tsayawa ɗauka. Na kawo wani na kudu, mai boka da jan ƙyalle da wuta tana fita daga ido. Wannan kam dariya ta yi har da ƙwalla, tana goge ido da bakin zane, ita ce ma ranar da na fara ganin haƙoranta. Na fusata na sa aka turo mini wanda ake ta yanka da sara, jini kamar an kifar da tukunyar zoɓo. Ko minti kaɗan ba a yi ba ta tashi ta shige ɗaki, tana cewa wannan ƙazanta ce, mahautan kasuwa sun fi su tsabtar aiki. Ranar na ji kunya, na kuma yarda da ita, don ni ma tashin zuciya kawai yake sa ni.

Sau ɗaya na kusa dacewa. Wata mata ce ita kaɗai a gida, tana jin taku a saman rufi, in ta tsaya takun ya tsaya, in ta motsa ya motsa. Ba a nuna komai ba, sai fuskarta da silin. Na saurara na ji ƙarar wake a kwarya ta ɗauke. Na ce yau dai na kama ta. Sai masu fim ɗin suka kasa haƙuri, suka fasa silin suka sauko da wani abu mai kama da jemage da ya sha ruwan sama.

"Af, ashe ma wannan ne," in ji Inna, wake ya ci gaba da zuba. Sannan ta yi wa akuya wata doguwar magana da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba. Ta ce lokacin tana yarinya a Dingaya, kura takan shigo gari. Ta ce ranar da ta gan ta da idonta, maharba sun kashe ta sun jawo ta bakin kasuwa, tausayi ma ta ba ta, wata ramammiya duk ƙudaje. Amma ranakun da ba a ganin komai, sai dai awaki su yi shiru gaba ɗaya, karnuka su shige ƙarƙashin rumbu, to ranar ko fitsari ya matse ka sai ka riƙe abinka. Na daɗe ina juya maganar nan. Shekara da shekaru ina kallo, na san wasu finafinan suna kama ni wasu ba sa kamawa, amma ban taɓa tsayawa na tambayi dalili ba.

Na ba maigidana labarin yaƙin da nake yi, ya yi dariya har ya ƙware da ruwa. Ya ce, "Inna za ki tsorata? Matar da ta kashe kububuwa da muciya, ta ɗauraye ta ci gaba da tuƙa tuwo?" Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin gabanta ya faɗi ba. "Ko shekarar da taya ta fashe mini wajen Sundimina, mota ta kwanta a gona, aka kawo ni gida da hannu a ɗaure, ba ta ce mini yaya jiki ba. Sai dai ta ba ƙanwata kunu ta kawo mini." Yana faɗa yana murmushi, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Na gane ashe ba ni kaɗai shirun gidan yake ci ba, shi dai ya girma a ciki ne ya iya ɓoyewa.

Fim ɗin da ya yi aikin ba ni na zaɓe shi ba. Gyara mai tura finafinan ya ƙara mini da shi, kamar yadda mai tumatir take ɗora maka biyu a sama. Na Hausa ne, na wasu samari masu tasowa, ba fuskar da na sani ko ɗaya. Hoton ya yi fari fat saboda rana, iska tana ta buga abin ɗaukar magana, wani wurin ma ana hango yaran unguwa sun taru suna leƙen masu ɗauka. Saura kaɗan in goge shi. Ranar dai na kalle sauran duka, sai na ce bari in rage zafi da shi.

A farkon fim ɗin an nuna wani dattijo a ɗakinsa, farar riga, farar hula, yana naɗe igiya a hankali yana sawa a ƙasan jaka, ya ɗora wuƙa, ya rufe da sallaya. Daga nan ya je tasha ya ɗauki shatar wata mota, ya ce wa direban kaya zai ɗauko a ƙauye. Shi ke nan fa. Ba kiɗa, ba duhu, rana tsaka ce, mota tana tafiya a kan kwalta, gonakin dawa hagu da dama irin waɗanda kowa ya sani. Dattijon ga ladabi ga daɗin hira. Ya tambayi direban iyalinsa, ya yi masa addu'a, da lokacin salla ya yi suka tsaya a wani masallacin bakin hanya suka yi sahu ɗaya. Direban ya sayi rake ya karya ya miƙa masa rabi. Mu mun san abin da yake ƙarƙashin sallayar, shi bai sani ba, yana ta ba da labarin yadda yake son ya canza wa motar taya kafin damina. Duk lokacin da dattijon ya sunkuya ya gyara jakar a tsakanin ƙafafunsa, sai in ƙara matsowa kusa da wayar.

Na shagala har ban lura ba a ce wa akuya komai ba tun da aka fara. Ban kuma san lokacin da Inna ta taso ba. Ƙanshin man kaɗanyar da take shafawa kawai na ji, na saci kallo na gan ta tsugune a gefen tabarmata, kwaryar waken tana can bakin ƙofa kaji suna ta bidiri a ciki.

A cikin fim ɗin dattijon ya nuna wani ɗan burtali ya ce, "Malam direba, ratse nan, kayan suna bayan tsamiyar can." Direban ya ce to, ya karya sitiyari, tayoyi suka sauka daga kwalta. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu, damƙa mai ƙarfi, ta wanda ya saba riƙe taɓarya.

"Tsayar da shi," in ji Inna.

Na danna, hoton ya tsaya. Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Ke 'yar nan, yau ina ya yi lodi?"

"Kano, Inna. Ya ce in ya samu fasinja zai juyo da wuri."

"Shi ma yana ɗaukar shata?"

"Yakan ɗauka, in ta samu."

"Shi kaɗai?"

Na ce wani lokaci shi kaɗai. Ta ƙara damƙe hannuna. Sannan ta ce, "Kira shi."

Na fita daga fim ɗin na kira. Wayar ta yi ta ringi har ta katse, ba a ɗauka ba. Na san direba yakan bar waya a aljihun mota ya je salla, na san hayaniyar tasha takan hana ji, na san duk wannan. Amma wallahi a ɗan tsakanin nan na ji tsoron da duk finafinan da na kalla tun ina yarinya ba su taɓa ba ni ba. Leɓen Inna yana ta motsi. Na sake kira, na buɗe murya yadda za ta ji.

Ya ɗauka, ashe har ya juyo daga Kano. Hayaniyar tashar Birnin Kudu ta cika mana tsakar gida, 'yan kamasho suna kiran Gwaram, Gwaram, wani jariri yana ta tsala kuka kusa da shi.

"Lafiya kuwa? Ina ɗaure kaya a sama ne, mota ta cika, yanzu za mu taso."

"Lafiya lau," na ce. "Mutum nawa ka ɗauka?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Cike take, har da mata masu goyo da wani mai kaji. Me ya faru?"

Inna ta saki hannuna, ta juya wa wayar baya kamar yadda take juya masa in ya zo gaisuwa, ta gyara ɗaurin kallabinta. Na ɗauka ta gama, za ta tashi. Sai ta ce, ba da ƙarfi ba, amma wayar tana kusa:

"Tambaye shi ko ya ci abinci."

Ban kai ga tambaya ba, don ya riga ya ji. Hayaniyar tasha tana nan, jaririn yana kuka. Da ya yi magana muryarsa ta canza.

"Ce mata na ci. Ce mata ina hanya."

Na kashe wayar. Inna ta zauna sosai a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, ta jawo kwaryar gyaɗata gabanta ta fara ɓara kamar tun can tare muke yi. Ta ce in mayar mana da fim ɗin mu ga ƙarshen mugun nan. Ƙarshen kuwa ya ba mu haushi. Ana isa bayan tsamiya sai ga 'yan sanda sun ɓullo daga cikin dawa, ba wanda ya san wanda ya kira su, aka yi ɗan kokawa, sannan wani ya tsaya ya yi mana wa'azi mai tsawo a kan amana. Inna ta taɓe baki ta ce mini, ni, ba akuya ba, "Kin gani ko? Sun dafa miya mai kyau sun zuba mata ruwa." Na ce ai da sun bar shi a inda tayoyi suka sauka daga kwalta, da sai mun kwana uku muna tunaninsa. Ta ce a'a, da ba ta yafe musu ba. Muka yi ta musu har aka kira la'asar, kuma ban taɓa jin daɗin musu irin na ranar ba.

Har yau tare muke kallo, tabarma ɗaya, tana kushe fatalwowina ina kare su. Na shata ne kawai ta hana a sake sawa. Har yau kuma ba ta kama sunan ɗanta ba, in ya zo gaisuwa bangon nan dai take kallo, kuma ba wanda yake son ta canza.

Sai daga baya maigidana ya gaya mini cewa ranar bai ci komai ba tun karyawar asuba. Ya ce yana ajiye wayar ya bar mota cike da fasinja suna ta masifa, mai kaji har yana buga ƙofa, ya tafi wurin mai shinkafa da wake ya zauna ya ci ya ƙoshi. Na ce don me, ga gida saura tafiya kaɗan? Ya ce tambayar farko ke nan da Inna ta taɓa yi a kansa, ba zai bari amsar ta zama ƙarya ba.